Diu: suna yin Gujarati amma ba a Gujarat suke ba, yaya aka yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Rajkot, shekarata ta biyu kenan. 'Yan ajinmu suna ta shirin zuwa wani gari wai shi Diu in an yi hutu, sun ce bakin teku ne. Abin da ya ɗaure min kai shine sun ce mutanen garin Gujarati suke yi kamar na nan, amma wai ba a cikin jihar Gujarat yake ba, har dokokinsu daban ne. Wani kuma ya nuna min hoto na ga coci-coci da wata ƙatuwar ganuwa irin ta Turawa. Don Allah mene ne tarihin wurin, a ina yake, kuma su waye mutanen, suna da yawa ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokan naka ba su yi maka ƙarya ba, Diu ba a cikin jihar Gujarat yake ba, alhali in ka tsaya a kan gadar shiga garin ƙasar da ke bayanka Gujarat ce, harshen da za ka ji a kasuwa kuma Gujarati ne. To tambayar taka a taƙaice ita ce: me ya raba ɗan wannan tsibiri da 'yan'uwansa na tsallake, kuma me rabuwar ta yi wa mutanensa. Ni dai abin da nake koyarwa tarihin cinikin tekun Indiya ne, kuma abin da nake yawan gaya wa ɗalibai game da Diu shine kar su kalle shi daga tudu. In ka kalle shi daga Rajkot za ka ga wani lungu ne a can ƙarshen hanya inda mota ke juyowa. Amma mai jirgin ruwa da ya taso daga Adan ko Hurmuz ko gaɓar gabashin Afirka shekara 500 da suka wuce, Diu ce ƙofar Gujarat a wurinsa. Duk abin da ya faru da garin daga nan ya samo asali.

Inda yake da yanayin ƙasarsa

Ɗauko taswira ka dubi ɓangaren Gujarat da kake zaune a ciki, wanda ake kira Saurashtra ko Kathiawar, wannan da ya bulluƙo cikin teku. Ka gangara kudu har ƙarshe, nan za ka ga Diu manne da gaɓa. Daga Rajkot kilomita 200 da wani abu ne, garin Gujarat mafi kusa da shi kuma shine Una a gundumar Gir Somnath. Tsibiri ne siriri da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, duka gundumar ba ta wuce murabba'in kilomita 40 ba, da babur za ka zaga shi kafin azahar. Abin da ya raba shi da tudu wata 'yar ƙorama ce ta ruwan gishiri da fadama, ba wani babban ruwa ba, kuma gada biyu ce ta haɗa su. Shi ainihin garin Diu yana can ƙurewar gabas inda ganuwar take, a ƙurewar yamma akwai Vanakbara garin masunta, a tsakiya akwai ƙauyuka irin su Fudam da Bucharwada da Nagoa inda filin jirgin sama yake da kuma bakin tekun da nake kyautata zaton can 'yan ajin naku suka nufa. Sai Ghoghla, wadda ita ba a kan tsibirin take ba, tana tsallake a jikin Gujarat amma a mulki ta Diu ce.

Ƙasar ba ta noma ba ce sosai. Dutse ne mai laushi a ƙasa, arewacin tsibirin fadamar gishiri, kudancinsa yashi da gaɓar dutse, babu tudun kirki, ruwan sama bai kai na kudancin Gujarat ba, ruwan rijiya kuma sau da yawa da ɗanɗanon gishiri. Kaga wuri irin wannan ba zai riƙe mutane da gero da dawa ba, dole cinsu ya fito daga teku.

Akwai wani abu da na tabbata zai tsayar da kai a hanyar Nagoa. Za ka ga itace mai kama da dabino amma ya yi rassa biyu-biyu, 'ya'yansa jajaye masu tauri, za ka ce wallahi wannan ai goruba ce. To ba ka yi nisa da gaskiya ba, su suna ce mata hoka, dangin goruba ce ta ƙut da ƙut, kuma ana gwaguyarta kamar yadda muke yi. Ni da na fara ganinta sai da na sa mai keke napep ya tsaya na ɗauki ɗaya na ɗanɗana, yana ta min dariya. Mutanen garin za su ce maka Turawan Fotugal ne suka kawo ta daga Afirka, masana tsirrai kuma suna lissafa ta a matsayin wani jinsi daban na gaɓar yammacin Indiya. Wannan ba fannina ba ne, na bar musu gardamarsu.

Me ya sa aka yi ta kashe juna a kan ɗan wannan wuri

Arzikin Gujarat a wancan zamani yadi ne na auduga da shuni, kuma babbar kasuwar tana Khambhat, can cikin ƙuryar mashigin teku da ke gabas da ku. Matsalar ita ce wannan mashigi mugun wuri ne ga babban jirgi, ruwa na cikowa da ƙarfi ya janye da ƙarfi, ga tarin yashi da laka a ƙasa. Saboda haka manyan jirage suka gwammace su tsaya a Diu a bakin ƙofa, a sauke kaya a loda wa ƙanana. Dawakin Larabawa da na Farisa ta nan suke shigowa, yadi ta nan yake fita, alhazan da za su Jidda su ma ta wannan ruwan suke bi. Wanda ya riƙe Diu shi ke karɓar kuɗin fito, shikenan maganar.

Tun kafin Turawa wurin sananne ne. Farisawan nan masu bautar wuta da ake kira Parsi, a ruwayarsu da suka baro Iran bayan zuwan Musulunci a Diu suka fara sauka, suka yi shekara 19 kafin su ƙarasa Sanjan. Daga baya tsibirin ya shiga hannun sarakunan Musulmi na Gujarat, kuma a zamanin Sultan Mahmud Begada aka ba wani mutum mai suna Malik Ayaz riƙon garin. Bawa ne asalinsa da ya taka har ya zama gwamna, shi ya gina garin ya mai da shi tashar da ake ji da ita, har sarƙa ya sa aka gitta a bakin mashigar jirage.

Sai ga Fotugal. Vasco da Gama ya iso Indiya a 1498, cikin shekara goma sun fara tare hanyar kayan yaji da ke bi ta Bahar Maliya zuwa Masar, wanda kuma da harajinsa daular Mamalik ta Alƙahira take rayuwa. Sultan ɗinta Ƙansuh al-Ghauri ya turo jiragen yaƙi ƙarƙashin Amir Husain, suka haɗu da na Malik Ayaz, a 1508 suka ci Fotugal a Chaul har suka kashe ɗan Francisco de Almeida, wakilin sarkin Fotugal a Indiya. Uban ya taso da fushi, ranar 3 ga Fabrairu 1509 aka gwabza a gaban Diu ya tarwatsa jiragen Masar. Littattafan Turawa suna son su ce daga wannan rana tekun Indiya ya zama nasu, ni ina ganin an ɗan zuzuta, domin ko garin Diu ɗin ma ba su samu ba a lokacin. Malik Ayaz ɗan kasuwa ne kafin komai, da ya ga inda iska ta kaɗa sai ya yi sulhu ya ci gaba da riƙe garinsa. A 1531 Fotugal suka sake zuwa da runduna mai yawa ƙarƙashin Nuno da Cunha, suka koma hannu rabbana, saboda akwai Turkawa gwanayen igwa a cikin garin.

Abin da igwa ta kasa ba su, tsoro ne ya ba su shi. Sarkin Mughal Humayun ya auka wa Gujarat, Sultan ɗinta Bahadur Shah ya gudo har Diu yana neman mai taimako, a 1535 ya yarje wa Fotugal su gina sansani a tsibirin don su dafa masa. Da Humayun ya janye sai Bahadur ya ga ya yi wa kansa, ya so ya warware, a Fabrairun 1537 ya je ganawa da su a kan jirginsu, rikici ya ɓarke, ya mutu a cikin ruwa. Kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin wanda ya fara, amma gawa dai ta Sultan ce.

Sau biyu aka yi yunƙurin fitar da su da gaske. A 1538 Turkawan daular Usmaniyya, ta Istanbul fa ba tamu ta Sakkwato ba, suka turo jirage tun daga Suez ƙarƙashin Sulaiman Pasha, suka yi wa sansanin ƙawanya tare da sojan Gujarat, suka rushe wani sashe amma ba su shiga ba, kuma wani ɓangare na dalilin shine su kansu Gujaratawan ba su saki jiki da Turkawan ba, suna tsoron kar a kori wani baƙo wani ya zauna. A 1546 Gujarat ta sake gwadawa ƙarƙashin Khwaja Safar, aka yi watanni ana yi, harsashin igwa ya kashe shi, a watan Nuwamba gwamnan Fotugal João de Castro ya iso da ɗauki. Ganuwar da ka gani a hoto mafi yawanta bayan wannan yaƙin aka sake gina ta. In ka je ka leƙa ramin da aka sassaƙa cikin dutse ya kewaye ta ta ɓangaren gari, ka dubi kaurin bangon, ga tsofaffin igwa har yanzu a jere suna kallon teku, sannan ka hango wani ƙaramin sansani shi kaɗai a tsakiyar ruwa da suke kira Panikotha. Kogunan Naida da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a ciki, abin da aka fi faɗa shine nan aka haƙi dutsen ginin, kuma in ka dubi yadda bangonsu ya miƙe kamar an yanka da wuƙa za ka yarda.

Daga nan Fotugal suka shimfiɗa tsarinsu: duk jirgin da zai yi ciniki a wannan ruwa sai ya karɓi takardar izini daga hannunsu kuma ya biya fito a Diu. Amma lura da wani abu, wanda shine amsar rabin tambayarka. Su Turawan ba su taɓa yawa a garin ba, sojoji ne da limaman coci da 'yan ma'aikata, cinikin kuwa yana hannun attajiran Gujarati, Hindu da Jain da Musulmi, kuma Fotugal ɗin sun san in suka matsa musu kan addini kamar yadda suka yi a Goa, hedikwatar mulkinsu a Indiya, za su kwashe dukiyarsu su tsallaka 'yar ƙoramar nan, fito ya mutu. Shi ya sa za ka ga coci manya, kamar na Saint Paul da aka gama a 1610 mai ado a fuska, amma ba za ka ga Kiristocin da za su cika su ba. Wani cocin ma, na Saint Thomas, gidan tarihi aka mai da shi.

Garin ya fara ja da baya tun ƙarni na 17. Surat ta ɗauke cinikin, Ingila da Holan suka shigo da jiragen da suka fi na Fotugal, Larabawan Maskat suka kai hari suka washe garin wajen ƙarshen shekarun 1660, daga baya kuma Bombay ta haɗiye kowa. Abin da ya rage wa Diu shine Afirka. A 1686 hukumar Fotugal ta ba wa ƙungiyar attajiran Diu ikon cinikin da ke tsakaninsu da tsibirin Mozambik, suna kai yadi suna dawowa da hauren giwa, kuma kar mu ɓoye, har da bayi.

Yadda ya ƙi komawa Gujarat

Indiya ta sami 'yanci daga Ingila a 1947 amma Salazar, shugaban gwamnatin Fotugal, ya ce shi yankunan da suke riƙe da su a Indiya, Goa da Daman da Diu, ba mulkin mallaka ba ne, ƙasar Fotugal ce. Aka yi ta ja-in-ja har ranar 18 ga Disamba 1961 da Indiya ta shiga da soja ta sama da ƙasa da ruwa, washegari 19 ga wata aka miƙa wuya. Daga 1535 zuwa nan shekara 426 kenan, Ingila ba ta yi ko kusa da haka a Indiya ba.

To a nan ne za ka yi zaton za a ce tunda Gujarati suke yi a haɗa su da Gujarat. An tambaye su kuwa. A Janairun 1967 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, aka tambayi Goa ko za ta shiga Maharashtra, aka tambayi Daman da Diu ko za su shiga Gujarat, duka suka ce a'a. A 1987 Goa ta zama jiha, Daman da Diu suka zauna a matsayin yankin da gwamnatin tarayya ke riƙe da shi kai tsaye, kamar dai Abuja a wurinmu, ba gwamnan da aka zaɓa sai shugaban da Delhi ta naɗa. Ranar 26 ga Janairu 2020 kuma aka haɗe su da wani yankin tarayyar, Dadra da Nagar Haveli. Abin dariyar shine Daman, inda hedikwatar take, tana can ɗaya gefen mashigin teku, ta mota sai ka yi sama da kilomita 600 duk a cikin Gujarat kafin ka je.

A ganina dalilin ƙin shiga Gujarat ba ƙaunar Fotugal ba ce, lissafi ne. Ƙaramin wuri da ke cin kasafi kai tsaye daga tarayya ya fi wanda zai zama lungu a wata gunduma. Sannan ga maganar da wataƙila 'yan ajin naka ba su fito sun faɗa maka ba: Gujarat ta hana sayar da giya tun kafa ta a 1960, Diu kuwa ba ta hana ba. Kaso mai tsoka na masu cika otal-otal ɗin garin a ƙarshen mako abin da ya kawo su kenan, to ka san da wa za ka yi tafiya.

Mutanen da yawansu

Alƙaluman da ke hannu na ƙidayar 2011 ne, domin ta 2021 an ɗaga ta, saboda haka ka riƙe su a matsayin tsofaffi. A lokacin duka gundumar Diu mutum 52,074 ne, garin kansa wajen dubu 24. Sama da kashi 90 cikin 100 Hindu ne, Musulmi wajen kashi 6, Kirista ba su kai ko kashi 1 ba. Akwai masallacin Juma'a a cikin tsohon gari, sallah ba za ta yi maka wuya ba. Gujarati ɗinsu da karin Kathiawar ne irin wanda kunnenka ya riga ya saba da shi, Hindi ma tana aiki. Akwai wani gaurayen harshen Fotugis da ya taso a garin amma ya kusa ƙarewa, sai 'yan tsiraru galibi tsofaffi. Ni Gujarati na bai wuce gaisuwa da ciniki ba, hirar da na yi da dattawan garin ta bakin tafinta ce, kai da ka shekara biyu a can wataƙila ka fi ni jin abin da suke cewa in sun saki baki.

Adadin da ya fi ba ni labari ba jimillar ba ce, rabon maza da mata ne. A Diu mata 1,031 ne ga kowane maza 1,000, a Daman kuwa 534 kacal. Hukuma ɗaya, harshe ɗaya, amma kamar ba ƙasa ɗaya ba. Daman masana'antu ne suka cika ta da samari 'yan ci-rani daga wasu jihohi, Diu kuwa mazanta ne suke fita. Wasu suna teku, masunta na Vanakbara da Ghoghla, galibi 'yan ƙabilun Kharwa da Koli, sukan yi makonni ba su dawo ba, kuma da yake kifi ya ja baya a kusa suna matsawa har iyakar ruwan Pakistan, inda ake kama wasu su yi shekaru a kurkuku. Wasu ma'aikatan manyan jiragen dakon kaya ne. Wasu kuma sun tafi gaba ɗaya.

Wannan tafiyar tana da tsohuwar hanya. An fara da Mozambik tun zamanin cinikin hauren giwa, da ta sami 'yanci a 1975 da yawa suka wuce Lisbon. Sannan dokar Fotugal ta ba wanda aka haifa a waɗannan yankuna kafin 19 ga Disamba 1961, da zuriyarsa, damar neman zama ɗan ƙasa. Fasfon Fotugal fasfon Tarayyar Turai ne, kafin Ingila ta fice daga tarayyar da shi mutum zai shiga ya yi aiki, shi ya sa yau akwai mutanen Diu jingim a Leicester da Wembley. Indiya kuma ba ta yarda da ɗan ƙasa biyu ba, wanda ya karɓi wancan ya ajiye wannan. Ka shiga Fudam da yamma ka gani da idonka, gidaje masu bene an sha fenti shuɗi da ruwan ɗorawa, ƙofa da kwaɗo, tsohuwa ɗaya a zaune a dandamali tana gadin layi guda, sai lokacin biki ko aure garin ya cika.

Ba mamaki a can wani ya tambaye ka ko kai Siddi ne, kar ka ji wani iri. Siddi Indiyawa ne 'yan asalin Afirka, akwai su a wannan yanki musamman ƙauyen Jambur a gefen dajin Gir, na Gujarat galibinsu Musulmi ne kuma Gujarati ne harshensu. Akwai ma wata ruwaya da aka rubuta daga bakinsu cewa kakanninsu daga Kano suka taso, suka bi ta Sudan zuwa Makka aikin hajji sannan suka ƙaraso Indiya tare da waliyyinsu Bava Gor. Labarin yana da daɗi a kunnenmu, kuma hanyar da ya ambata hanya ce ta gaske da alhazanmu suka bi a ƙafa, amma ni ban ɗauke shi hujja ba, domin 'yan kalmomin Afirka da suka rage a waƙoƙinsu da binciken jini duk gabashin Afirka suke nunawa.

In za ka je, tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, zafi ya sauka teku ta kwanta. Kafin damina da bayanta lokacin guguwa ne, ta Tauktae a Mayun 2021 daf da Diu da Una ta faɗo tudu ta yi ɓarna sosai. Ka riƙe fasfonka da takardar zamanka domin otal sai sun rubuta baƙon waje, kuma a hanyar dawowa 'yan sandan Gujarat suna bincika motoci a kan iyaka saboda giya, don haka kar ka yarda wani ya ce ka riƙe masa jaka.